Tambaya ta Goma Sha Huɗu

Ranar Litinin da safe, tun kafin Lamba Bakwai ta ajiye jakarta, aka ce Oga na kiranta. A wannan ofishin bincike ba a kiran masu zagaya gidaje da sunayensu, kowa da lambar da ke manne a bayan kwamfutar hannunsa. Ita bakwai ce ta faɗo mata shekara shida da suka wuce, ta kuma bi ta har gida, don ko mijinta in yana jin tsokana da ita yake kiranta. Ogan kuwa Jan Biro suke ce masa a bayan idonsa, mutumin da ko katin gayyata aka miƙa masa sai ya nemi kuskure a ciki.

Bai ce ta zauna ba. Ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa, ya bi wani dogon jerin sifiri da bakin bironsa daga sama har ƙasa. Gida arba'in da huɗu aka ba ta a layin bayan tashar mota, ta gama su cikin kwana tara. A tambaya ta goma sha huɗu, gida arba'in da biyu sun ce ba su da kowa.

Wannan tambayar ita ce ƙashin bayan binciken gaba ɗaya. Ana ce wa mutum: a cikin wata shida da suka wuce, da su wa ka tattauna wani abu mai muhimmanci a rayuwarka? Faɗi har mutum biyar. Duk sunan da ya faɗa sai na'urar ta buɗe masa tambaya goma sha biyu: me kuka haɗa, shekarunsa nawa, me yake yi, sau nawa kuke haɗuwa, ya san wane, wane ya san shi. Da wannan masu ƙididdiga ke zana yadda jama'a suka sarƙe da juna. In kuwa mutum ya ce ba kowa, sai na'urar ta tsallake duk wannan ta faɗa shafin ƙarshe, a yi godiya a tashi.

Jan Biro ya ce sauran ma'aikata suna kawo suna uku-uku, kowace hira minti arba'in da biyar, ita kuwa hirarta minti goma sha ɗaya. Ya ce ta san sunan da ake kiran irin wannan a aikin nan. Ta sani mana. Cikon gindin bishiya ake ce masa, wato ma'aikaci ya sami inuwa mai sanyi ya zauna ya cike fom da kansa ba tare da ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba.

"Ban taɓa yi ba, Oga," in ji ta. "Shekara shida ina aikin nan."

"Na'ura ba ta san shekara shida ba. Minti goma sha ɗaya ta sani."

Ta ce ta maimaita wa kowa tambayar sau biyu kamar yadda aka koya musu, har ta rubuta mamakinta a gurbin ƙarin bayani, gurbin da ta daɗe da sanin ba mai karantawa. Ta nuna masa fom biyu da suka cika taf: na wata tela, gidan da ta fara shiga, da na wani tsoho mai gyaran agogo a gida na talatin da ɗaya, wanda ya zaunar da ita awa biyu cur. Mai cikon gindin bishiya zai yi awa biyu a gida ɗaya? Jan Biro ya ce masu wayon cikinsu suna yi, don su rufe sawu. Ya ba ta zuwa Alhamis. In ba ta zo da hujja ba za a zubar da fom ɗinta duka, sunanta kuma ya shiga takardar da ofisoshin bincike ke miƙa wa juna, ta waɗanda ba a sake ɗauka.

Ta koma gida ta cika ta batse. Mijinta, malamin lissafi ne a firamare, ya saurare ta yana yanke wa ƙaramarsu farce, sannan ya ce da ta sani ta ƙara wa kowane gida aboki biyu-biyu, ai sadaka ce. Wasa yake yi, amma wasan ya faɗa kan gyambo. Ta ce masa ita ko shekarun mutum ba ta taɓa cikewa da ka ba, sai ya faɗa da bakinsa. Akwai ranar da ta koma wani gida sau uku a cikin ruwan sama saboda tambaya ɗaya da ta manta. Yau ita ce za a kira maƙaryaciya? Ya ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin ya riƙe abinsa, ta shige kicin ta huce a kan tukwane.

Talata da sassafe ta shiga mota biyu ta sauka a bakin layin. Kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne layin da kansa. Siririn layi ne, kwata a tsakiya, igiyoyin shanya sun tsallaka daga wannan gida zuwa wancan ba a san na wa ba ne. Tana tsaye aka miƙa jariri ta kan katanga. Wata ta fito da dutsen guga ta shiga gidan da ke kallon nata ko sallama ba ta yi ba. A bencin mai aski maza biyar sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa, biyu daga cikinsu ta gane su, makon jiya suka dube ta ido cikin ido suka ce ba su da kowa a duniya.

Ta fara bi gida-gida. Ta yi roƙo, ta yi bayani, ta ce aikinta ne a kan siraɗi. Kowa ya tausaya mata, kowa ya sake cewa ba kowa. Wani ya ce shi da Allahnsa yake shawara. Wata ta ce ita ba ta da abu mai muhimmanci balle wanda za ta gaya wa. Da ta zo wucewa ta gida na talatin da ɗaya, tsohon mai agogo yana zaune a bakin ƙofarsa, ya ɗago mata hannu da fara'a, har ya fara jawo kujera. Ta gaishe shi a tsaye ta ce sauri take yi. Fom ɗinsa ba shi da matsala, ba ta da lokacin wanda ba shi da matsala.

Rana ta take lokacin da ta shiga gida na goma sha takwas. Matar gidan na zaune a tabarma ana yi mata kitso, wasu mata biyu na gefe suna tsince mata shinkafa, hira ta yi daɗi har ba su ji sallama ba. Suna ganin na'urar suka yi tsit. Matar ta ce ai ta riga ta amsa, ba ta da kowa.

"Waɗannan fa?" Lamba Bakwai ta nuna su.

"Zama kawai suke yi."

Tana shirin fita, don ta ji hawaye na neman kunyata ta, sai surukar matar ta leƙo daga ɗaki. Tsohuwa ce mai nauyin kunne, irin waɗanda suke raɗa ana ji a titi. Ta dubi baƙuwar sama da ƙasa ta tambayi matar ɗanta, "Wannan ce aka ce a ce mata ba kowa?"

Mai kitso ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Lamba Bakwai ba ta yi dariya ba. Ta ajiye jakarta, ta zauna a bakin tabarmar ba a ce ta zauna ba, ta ce ba za ta tashi ba sai an gaya mata wa ya ce.

Matar mai aski ce ta gaya wa matar gidan. Matar mai aski ta ce ita a wurin mai injin niƙa ta ji. Mai niƙa ta kashe injinta ta goge hannu ta ce a je a tambayi tela. Tela kuwa ko a jikinta. Ƙafarta na kan keken ɗinki ta ba da labarin, tana yi tana cizon zare. Ta ce ranar da aka zo mata ta faɗi mutum biyar da zuciya ɗaya, don ta ɗauka ana faɗa an gama. Sai aka hau tambayarta shekarun ƙanwar mijinta, da ko ƙanwar mijin ta san aminiyarta, da ko aminiyar ta san yayarta. Awa ɗaya da rabi. Tukunyarta ta kama, yaron bayanta ya yi kuka har ya gaji, mai rigar da ta yi wa alkawarin ƙarfe huɗu ta zo ta koma da fushi. Da yamma ta gaya wa mutum biyu kacal cewa in mai tambayar nan ta zo, da an kai wajen su wa kake shawara da su, a ce ba kowa, shi ke nan an huta.

"Mutum biyu na gaya wa, wallahi," in ji tela. "Sauran ba ruwana."

Lamba Bakwai ta ji kamar ta ɗauki almakashin ta yanke mata zaren keken. Amma ta haɗiye, ta roƙi tsohuwar kalanda da ke rataye a bango, ta juya bayanta ta zana da'ira ta rubuta lamba ɗaya a ciki. Ta ja kibiya biyu daga jikinta.

Sauran Talata da Laraba duka a kan wannan kalandar suka ƙare. Kowane gida tambaya ɗaya take yi: wa ya gaya maka? Abin haushi, mutanen da suka ƙi ba ta minti arba'in yanzu sai ta roƙe su su bar ta ta tafi. Suna ba da labarin suna dariya, suna gardamar wa ya riga wa ji. Mai shago ya ce mutum huɗu ne suka gaya masa a rana ɗaya. Wani direba yana kan hanya aka bugo masa waya aka ce in ya dawo ga abin da zai ce. Wasu mata biyu da suka shekara ba sa ga-maciji, ɗaya ta aika wa ɗayar da saƙon ta bakin maƙwabciya, wai gaba daban, wannan daban. Kibiyoyi suka hau juna har ta rasa wurin rubutu, ta liƙa wata takardar a gefe. Ƙafafunta suka kumbura, muryarta ta dushe, duk don ta tabbatar ita ba maƙaryaciya ba ce, alhali ƙaryar ta layi guda ce.

Laraba da la'asar ta zauna a bencin mai aski ta ƙirga da'irorin. Arba'in da uku. Ta sake ƙirgawa, ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga daga talatin ta tsallaka talatin da biyu. Babu kibiya ko ɗaya da ta je gidan mai agogo.

Ta tambayi mai aski. Ya dakata da askin ya yi ɗan tunani, ya ce ai ya ɗauka mai shago ya gaya masa. Mai shago ya ce ya ɗauka maƙwabcin da ke kallon gidansa ya gaya masa. Maƙwabcin ya ce Baba ai ba ya shiga harkar mutane, mutumin kirki ne dai. Tela ta ce ita sam ba ta tuna da shi ba. Ba wanda ya taɓa faɗa da shi, ba wanda ke jin haushinsa, kowa ma yabonsa yake yi.

Lamba Bakwai ta san fom ɗinsa kamar tafin hannunta. Sunaye biyar ɗin da ya ba ta su ne mai aski, mai shago, maƙwabcin nan, mijin tela, da ɗansa da ke aiki a wani gari. Dokar aiki ta hana ta faɗa musu, don haka ta zuba wa mai aski ido yana karkaɗe tawul. Ta tuna ranar hirar. Tsohon ya kawo mata ruwa a kofin gilashi, ya ba kowace tambaya amsa mai tsawo. A tsakiyar hira ya nuna mata wani agogo a buɗe a kan tebur, ya ce mata wata uku ke nan yana kallonsa, idonsa ya daina ganin ƙananan kusoshin, hannunsa ya san inda suke amma idon ya ƙi, bai san me zai yi da ranakunsa ba in abin ya ƙarasa. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta koma tambaya ta gaba, don ba gurbin wannan a fom.

Alhamis ta shimfiɗa kalandar a kan teburin Jan Biro. Ya bi kibiyoyin da biro ya daɗe, ya gyara mata wata lamba da ta rubuta a karkace, sannan ya kwashe da dariya har da buga tebur. Ya kira mai ƙididdiga daga ɗakin ciki ya zo ya gani. Shi ma ya riƙe haɓa, ya ce a rahoton da ya fara rubutawa wannan layin ne ya fi ko'ina kaɗaici a garin. Suka yi ta sha'awar kalandar kamar su suka zana. Aka yanke cewa za a gyara na'urar, ko suna nawa mutum ya faɗa a kan biyu kawai za a yi masa ƙarin tambaya, ita kuma ta koma ta sake gida arba'in da biyun. Ta jira a ce mata a yi haƙuri. Jan Biro ya ce ta riƙa rubuta irin wannan a gurbin ƙarin bayani.

Ta danne abin da ya taso mata, ta ce saura gida na talatin da ɗaya. Ya duba ya ce wannan ai shi ne fom mafi kyau a layin, suna biyar, awa biyu, ba gurbin da aka tsallake. A lissafi, tsohon nan yana cikin waɗanda suka fi kowa jama'a.

"Shi kaɗai ne ba wanda ya gaya wa, Oga."

"Wannan a kalandarki yake. A fom biyar ne."

Ta ce to a bar ta ta sake shi tare da sauran, tun da an canza tsarin tambayar. Ta nace har ya gaji. Ya ce ta je, amma abin da mutum ya faɗa da bakinsa shi za ta danna. In ta ƙara ko harafi ɗaya nata, sun koma maganar bishiya.

Da gidansa ta fara ranar Juma'a da hantsi. Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida, tebur a jikin taga, agoguna a jere kowanne da lokacin da ya tsaya a kai. Wancan agogon na nan a buɗe, an kifa masa kofi don ƙura. Ya jawo mata kujera, ya kawo ruwa, ya ce ranar Talata ya ga tana ta shiga gidaje da wata takarda, lafiya dai? Ta ce gyaran aiki ne. Ba ta gaya masa abin da ke jikin takardar ba.

Suka wuce tambaya goma sha uku. Ta karanta ta goma sha huɗu a hankali, kalma-kalma, yadda aka rubuta ta. Wannan karon sai ya ɗauki ɗan ƙaramin sukudireba ya juya shi a hannunsa ya ajiye. Ya ce wancan karon kunya ce ta kama shi, tsofai-tsofai da shi a ce ba shi da mutum biyar. Mai aski da mai shago da sauran, gaisuwa ce ke haɗa su, gaisuwa mai kyau kuwa, amma a nan take tsayawa. Ɗansa yana bugowa, yaron kirki ne, yana da nasa nauyin, in ya ce Baba ya jiki sai ya ce masa lafiya lau.

"To ba kowa ke nan, Baba?" Yatsanta na kan gurbin sifiri.

"A'a. Kin ce abu mai muhimmanci, cikin wata shida. Maganar idona ke kaɗai na gaya wa. In gaskiya ake so, rubuta ke."

Ta dubi na'urar. Littafin ƙa'idar aikin shafi ɗari biyu ne, ta kusa haddace shi, ba ta tuna wurin da ya yi maganar wannan ba. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa aka ce. Ta rubuta: mai tambaya. Na'urar ta buɗe tambayoyinta goma sha biyu kamar yadda take yi wa kowa.

Me kuka haɗa? Ya ce ta zaɓi "wani daban". Shekarunta nawa? Ya ce zai ce talatin da biyar, ta danna abin da ya ce duk da ya rage mata uku. Tana zaune a layinku? A'a. Ta san sauran mutanenka? Ya ce ta fi shi saninsu ma, da alama. Sai ta zo kan tambaya ta tara, ta karanta masa da muryarta da ta dushe: sau nawa kuke haɗuwa? Kullum, mako-mako, wata-wata, ko ba kasafai ba. Wannan tambayar ba ta tsallakuwa, sai an danna ɗaya na'urar ke gaba.

Tsohon ya yi ɗan murmushi, ya kawar da kai wajen taga.

"Wannan ai ke za ki amsa, 'yata."

Shekara shida ba ta taɓa danna abin da ba a faɗa mata ba, kwana biyu kuma ta ƙare tana yawo a rana don ta tabbatar da haka. Amsar gaskiya tana nan a ƙasan jerin, ta san ta, shi ma ya san ta. Ta tuna mota biyu da ake shiga kafin a zo nan, da wankin ƙarshen mako, da yara uku, da gida arba'in da biyu da ke jiranta a waje. Haushi ya kama ta, na layin, na Jan Biro, na wanda ya tsara tambayar, da na kanta da ta gaishe shi a tsaye ranar Talata.

Ta danna mako-mako. Na'urar ta karɓa ta wuce zuwa ta goma.

"Asabar kana nan, Baba?" ta tambaya ba ta ɗago kai ba.

"Ina zan je?" in ji shi, ya miƙa hannu ya gyara zaman kofin a kan agogon.